Shaidar Malam Antoni

Keke-napep ɗin ya tsaya cak a cunkoson Kakuri, daidai ƙofar tsohuwar masaƙar nan da ciyawa ta cinye, sai Malam Antoni ya ji warin teku.

Ya san babu teku a Kaduna. Shekara arba'in da ɗoriya yana garin nan, ruwan da ya sani shi ne kogin da ya raba gari biyu, ja wur da damina, da rani kuma duwatsunsa a waje. Amma ga warin ya taso, gishiri da ɗanyen kifi, ya ture hayaƙin tireloli gefe. Ya lumshe ido. Sai ga farin yashi shimfiɗe, ga itatuwan kwakwa suna rangaji, ga mahaifinsa tsugune a gindin kwale-kwale yana ɗinkin komar kamun kifi.

"Baba Ticha, kar ka yi mini barci a hanya," in ji Damaris, ta ɗan taɓa gwiwarsa. "Barista ta ce mutanen nan ba sa jira."

Damaris maƙwabciyarsa ce a Makera, mai tuyar ƙosai a bakin layi. Tun da matarsa Rosa ta rasu ita ke leƙa shi safe da yamma. Yau da wuri ta kife kaskonta, ta goge masa farar riga, ta gyara masa maɓallan da ya tsallake.

Cikakken sunansa Antonipillai, amma yaran da ya koya wa lissafi a sakandare suka gutsure shi, ya zauna a haka. 'Yan unguwa kuwa Ba'indiye suke ce masa. A da yakan tsaya ya yi bayani: shi mutumin Sri Lanka ne, tsibirin da ke ƙasan Indiya, ɗan ƙabilar Tamil. Daga baya ya gaji, ya bar su da Indiyarsu. Ya zo ne lokacin da gwamnati ke ɗauko malamai daga ƙasashen waje. 'Yan'uwansa da suka zo tare duk sun wuce Kanada da Ostireliya, shi ya tsaya, don a gida yaƙi ya ɓarke tsakanin gwamnati da 'yan tawayen Tamil, a nan kuma aka haifa masa 'yarsa guda ɗaya, Yalini.

Watannin baya likita ya gaya masa gaskiya: ƙwaƙwalwarsa ta fara zuba, kamar buhun geron da ɓera ya huda. Har yanzu zai iya warware lissafin da zai sa ɗalibin jami'a gumi, amma ka tambaye shi ko ya sha shayi da safe, sai ya tsaya yana duban kofi. Jin haka ne ya sa Barista Dorcas, tsohuwar ɗalibarsa, ta tashi tsaye ta shirya zaman yau.

Ofishinta a Barnawa yake, saman wani shagon taya. Ta taro su a matakala, ta riƙe hannunsa har ciki, ta zaunar da shi gaban kwamfuta. Janareto na ta ruri a ƙasa. Ta taga ana hango duhun itatuwan bakin kogi, hadari kuma ya fara haɗuwa ta gabas.

"Kafin ki kunna," in ji shi, "gaya mini abu ɗaya, Dorcas. In na yi magana, za a kai waɗanda suka yi ta'asa a yaƙin ƙasarmu kotu?"

Ta ja kujera ta zauna. Ta san malaminta, ba a kawo masa amsar da ba a nuna aikinta ba.

"Ba zan yi maka ƙarya ba, Baba. Kotun duniya da ke Hague ba ta da hurumi a kan ƙasarku, don ba su sa hannu a yarjejeniyarta ba. Sai dai in Kwamitin Sulhu ya tura mata shari'ar, manyan ƙasashe kuwa ba su da niyyar bari. Gwamnatinku har gobe cewa take ba ta harbi farar hula da gangan ba."

"To waɗannan masu bincike na Geneva da za mu yi magana da su, me suke yi?"

"Rumbu suke cikawa. Suna tattara shaidar duk wanda ya gani ko ya ji, su adana. Akwai ƙasashen da dokarsu ta ce laifin yaƙi ba shi da iyaka, ko a ina aka aikata shi za su iya kama mutum in ya taka ƙasarsu. Wata rana wani babban hafsa zai sauka daga jirgi a irin wannan ƙasa, alƙali ya ce a kawo shaida. Ranar nan sai a buɗe rumbu."

"Wata rana." Ya juya kalmar a bakinsa kamar ɗacin goro. Ya dafa tebur ya miƙe. "Damaris, mu koma gida. Ban zo in zuba 'yata a rumbu ba."

Damaris ba ta motsa daga bencin da take zaune ba. Ta gyara ɗaurin ɗankwalinta.

"Baba Ticha, ni ban yi boko ba, ban san Hague ba. Amma da aka shiga ƙauyenmu aka kashe yayana a gonarsa ta citta, ko mutum ɗaya bai zo ya tambaye ni yaya sunansa ba. Har yau. Kai ga wasu can ƙarshen duniya sun bar aikinsu suna jiran su ji sunan Yalini. Ka zauna, don Allah. In ka gama sai ka yi fushinka a gida."

Ya daɗe a tsaye yana kallon taga. Sannan ya koma ya zauna.

Fuskoki biyu suka bayyana a kwamfutar. Ta farko mace ce mai furfura da tabarau, ta ce sunanta Janet, ita ce mai bincike. Ta biyun matashiya ce, Kavita, tafinta 'yar Tamil. Da ta gaishe shi da harshensu, ta kira shi "Aiya", wato baba, sai ya matso kusa da allon. Rabonsa da jin wannan kira tun Rosa na da rai.

Janet ta yi masa bayani a natse: ba za a faɗi sunansa ga kowa ba sai da izininsa, duk lokacin da ya so tsayawa ya tsaya, abin da bai tuna ba kuma ya ce bai tuna ba. Ya zaɓi ya yi magana da Tamil. Da farko harshen ya yi masa nauyi kamar ƙofar da ta daɗe a rufe, daga baya ya saki.

Ya ba su labarin Yalini. Yarinyar Makera ce, a nan ta yi rarrafe, a nan ta karanta aikin jinya. Da aka tsagaita wuta a ƙasarsu ta ce za ta je ta ga kakarta da ba ta taɓa gani ba. Ta je, ta tarar asibitocin arewa babu ma'aikata, ta ce bari ta ɗan taimaka. Ana haka yaƙi ya dawo, hanya ta rufe. Sojojin gwamnati suka yi ta matsowa, jama'a na ja da baya da ƙullin kayansu a ka, asibitin ma yana ƙaura tare da su, daga wannan gari zuwa wancan, har aka matse dubban mutane a wani ɗan zirin yashi tsakanin teku da tabki. Mullivaikkal ake kiran wurin.

"Na san yashin nan," in ji shi. "Ina yaro a can muke shanya kifi. Faɗinsa bai wuce ka yi kira daga bakin tabki na bakin teku ya amsa ba."

Janet ta tambaye shi yaushe ne ƙarshen jin muryarta. Ya ce cikin watan Mayu na 2009, da rana, yana gyaran takardun jarrabawa a baranda. Da wayar wani likita ta kira, irin mai aiki da tauraron ɗan'adam.

"Me ta ce maka?"

Ya buɗe baki da Tamil, sai ya rufe. Ya girgiza kai.

"Ba da Tamil ta faɗa ba," ya ce da Turanci. "Da Hausa ta yi. Tana tsoron masu sauraren waya, na gwamnati da na 'yan tawaye duka. A duk faɗin tsibirin nan babu mai jin Hausa sai ita. In na juya maganar zuwa wani harshe, tawa ce za ta zama, ba tata ba."

Janet ta rubuta wani abu, sannan ta tambayi Dorcas ko za ta fassara kalma da kalma, ba ƙari ba ragi. Dorcas ta ce za ta yi.

Malam Antoni ya ɗora tafin hannunsa a kunne, kamar mai riƙe da waya. Muryar da ta fito ba irin tasa ba ce. Hausar 'yan matan Makera ce, mai sauri, mai gutsure ƙarshen kalma.

"Baba, ina wuni. Kar ka yi mini Tamil, akwai kunnuwa. Baba, gwamnati ta ce mu taru a nan, wai nan ba za a yi harbi ba. Mun taru. Nan ɗin suke harbi. Makaranta ce muka mai da asibiti, mun shafa jan kuros, alamar asibiti, a kan rufi, ƙato, ko makaho zai gani daga sama. Jiya bam ya faɗo a tsakar gida inda marasa lafiya ke kwance a gindin bishiya. Shekaranjiya a layin masu karɓar kunu, mata da yara."

Dorcas na bin sa da Turanci. Damaris ta sa bakin zaninta ta toshe baki.

"Na tambaye ta daga ina ake harbowa," in ji shi da muryarsa, sannan ya koma tata. "Daga wajen sojoji, ta ƙetaren tabki, da jiragen ruwa ta teku. Su ma namu yaran, 'yan tawaye, ba sa barin kowa ya fita, wanda ya gudu su harbe shi ta baya. Babu allurar barci, Baba. Da zanen mata muke ɗaure ciwo. Na daina ƙirgawa."

A waje iska ta taso, labulen ofishin ya kumbura kamar filafilan jirgin ruwa. Malam Antoni ya bi shi da kallo. Ga Yalini nan a baranda, 'yar shekara shida, rigar makaranta duk ruwan mangwaro, tana yi wa 'yar tsanarta allura da tsinken tsintsiya. Bayanta kuma, inda katangar maƙwabta ya kamata ta kasance, tabki ne kwance lumui, balbelu farare tas na tsaye a cikinsa da ƙafa ɗaya. Rosa na kira daga kicin. Mahaifinsa na jan koma ta tsakiyar layin Makera, ruwa na bin sawunsa.

"Malam Antoni?" Muryar Janet ce. "Daga nan sai me ta ce?"

Ya dawo. Hannunsa na nan a kunne.

"Ta ce, Baba, likita na son wayarsa. In ka je kabarin Mama, ka ce mata..."

Ya tsaya.

"Ka ce mata..."

Babu komai a wurin. Ya laluba, ya sake lalubawa, kamar mai neman makulli a aljihun da ya yage. Shekara da shekaru yana kai saƙon nan maƙabarta, ya tsuguna ya faɗa wa Rosa shi da ƙaramar murya, bai taɓa faɗa wa mai rai ba. Ko makon jiya ya faɗa. Yanzu ga farkon maganar a bakinsa, ƙarshenta kuwa ya bi ramin ɓeran nan ya zube.

"Yana nan," in ji shi. "Yanzu-yanzu yana nan." Ya bugi goshinsa da tafin hannu. Ya sake bugawa, da ƙarfi.

Dorcas ta riƙe hannun. Damaris ta taso ta durƙusa gefen kujerarsa.

"Sannu, Baba," in ji Dorcas. "Sannu."

"Sannu, Baba Ticha. Sannu, ka ji. Sannu."

Ruwan ya sauko a kan kwanon rufi. Cikin ƙararsa ba wanda ya lura da kwamfutar, sai da aka ji Kavita ta yi magana, ita da ta yi shiru tun da aka koma Hausa.

"Ku yi haƙuri," ta ce da Turanci. Ta matso har fuskarta ta cika allon. "Wace kalma ce kuka faɗa yanzu?"

Dorcas ta dube ta. "Sannu?"

Kavita ta juya wajen Janet. Suka kashe sautinsu. Ana ganin bakin Kavita na motsi da sauri, hannunta a ƙirji, Janet kuma ta cire tabarau ta riƙe a hannu tana saurare. Da sautin ya dawo, Janet ta yi magana a hankali, tana auna kowace kalma.

"Malam Antoni, akwai abin da zan iya gaya maka, akwai wanda ba zan iya ba. Ba zan faɗi sunan kowa ba. Amma cikin waɗanda suka tsira daga asibitin nan suka ba mu shaida, wasu sun ambaci wata ma'aikaciyar jinya. Ba su san sunanta ba. Sun ce duk wanda ta taɓa, ko tana ɗaure masa ciwo ko tana rufe masa ido, kalma ɗaya take maimaitawa, ba Tamil ba, ba Sinhala ba, ba Turanci ba. Da kalmar suka yi mata suna."

"Sannu Akka," in ji Kavita. Ta share ido da bayan hannu. "Wato Yaya Sannu. Ni na fassara maganarsu, Aiya. Na tambayi duk wanda na sani, ba wanda ya san daga ina kalmar ta fito. Har na ɗauka kuskuren kunne ne."

Dorcas ta mayar wa Damaris da Hausa cikin raɗa. Damaris ta zauna daɓas a ƙasa, ta ce, "Yesu!"

Malam Antoni ya kau da kai. Kallon labule yake yi. Can ya tambaya, muryarsa ƙasa-ƙasa, "Wannan yana da amfani a shari'arku?"

"Ƙwarai," in ji Janet. "Su sun ga bama-baman sun faɗo. Kai kuma ka ji daga bakin ma'aikaciyar asibitin, a lokacin da abin ke faruwa, daga wata nahiya, ba ka taɓa haɗuwa da su ba. Magana biyu da ba su san juna ba sun zo wuri ɗaya. Irin wannan alƙali ke nema."

"Tana da rai?"

Janet ba ta kau da ido ba. "Ban sani ba. Ɗaya daga cikinsu ya ce ya gan ta a ranakun ƙarshe. Abin da ya gani ba zan faɗa maka ba sai ya yarda, shaidarsa ce. Zan iya tambayarsa. Amma ka sani, mai yiwuwa ba abin da kake fata ba ne. Kana so in tambaya?"

Tsawon shekarun nan Malam Antoni bai taɓa neman sani ba. Mutanen ƙasarsu da ke Kanada sun sha aiko masa da hotuna da bidiyo, bai buɗe ko ɗaya ba. Fada, limamin cocinsu, ya taɓa ba shi shawarar a yi mata addu'ar mamata a coci, ya yi wata guda bai taka cocin ba. Muddin bai ji ba, Yalini na can wani wuri tana ɗaure wa wani ciwo. Ya dubi hannunsa da Dorcas ke riƙe da shi, ya tuna ramin da ya laluba ɗazu ya tarar wayam.

"Ki tambaye shi," ya ce. "Amma ki hanzarta. Kan nan nawa ba ya jiran wata rana."

Janet ta ce za ta yi. Ta ce saƙon kabarin kuma kada ya matsa wa kansa, in ya dawo Dorcas ta rubuta, in bai dawo ba abin da ya bayar ya isa. Ta fara tattara takardunta. Kavita ta ɗaga hannu kamar 'yar aji.

"Aiya, kafin a rufe. Mece ce ma'anarta?"

Dorcas ta fara jerowa da Turanci: gaisuwa ce, jaje ne, wani lokaci kuma yabon mai aiki. Damaris ta tambaya me ake cewa, da aka gaya mata ta ce, "A'a, ai sannu sannu ce kawai." Malam Antoni, wanda ya ƙare rayuwarsa yana hana yara amfani da kalmar da ba su bayyana ma'anarta ba, ya nemi abin da zai ce da Tamil, ya rasa.

"Ba a fassara ta," in ji shi. "Faɗa ake yi, wanda aka faɗa wa ya amsa."

Kavita ta gyara zama. Ta gwada kalmar a leɓenta sau ɗaya ba sauti, sannan ta dube shi.

"Sannu, Aiya."

Ta ja wasalin ƙarshe fiye da kima, kamar yadda baƙi ke yi. A makaranta da ya sa ta maimaita. Ya sauke ɗaya hannun da har yanzu ke kunnensa, ya ɗora a gwiwa.

"Yawwa," in ji shi. "Sannu kadai, 'yata."